Dakta, Shuka Ka Ce Ko Dashe?

Zuwa ga Mai Girma Dakta,
Shugaban shirin tura ɗaliban digiri na biyu aikin raya muhalli,
Ofishin shirin da ke Dutsin-Ma.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatan ofishinka. Ya zafin bazara? Na so in ƙara da addu'ar da kowa ke yi a wannan lokaci, ta Allah Ya kawo ruwa da wuri, amma bakina ya ƙi. In ka daure ka karanta har ƙarshe za ka ji dalili.

Ranka shi daɗe, ni ce Binta, wadda ka koyar tun ina kwalejin horon malamai, wadda kake tsokana a aji da sarauniyar gardama. Na san ba za ka ji daɗin ganin wannan wasiƙa a bainar jama'a ba. Ni ma ban ji daɗin rubuta ta ba. Na yi sintiri a ofishinka har mai gadi ya daina tambayata wa nake nema, da ya hango ni sai ya ɗaga hannu ya ce Dakta ya fita. Na kira wayarka, ta yi ta kuka har ta gaji. Na aika saƙo, alama ta nuna ka karanta, ba ka ce uffan ba. Sannan kai ne ka fara fitar da maganar nan fili, ranar da ka shiga gidan rediyo. Tunda a fili ka faɗa, a fili zan ba ka amsa. Ban kama sunanka ba, ban kama sunan ƙungiyarku ba, don har gobe malamina ne kai, kuma ba tozarta ka na fito yi ba. Kai dai ka san da kai nake.

Bari in fara share wani zato, don na san abin da wasu za su ce: wai alawus ne ba a biya ta ba, shi ya sa take kumfar baki. A'a. An biya mu a kan lokaci, ba wanda aka ci wa haƙƙi, kuma da wannan alawus na riƙe karatuna ba tare da na sayar da keken ɗinkina ba. Na gode, Allah Ya saka da alheri. Shirin kansa ma ban zo in zage shi ba. Tunani ne mai kyau a ɗauki ɗalibi mai zurfin karatu, a biya shi, a tura shi ya yi aiki cikin mutane, maimakon ya zauna ɗaki yana kwafe littafin wani. Abokan karatuna wasu an tura su ofisoshin gwamnati suna aikin shara da magudanan ruwa, wasu an haɗa su da ƙungiyoyin mata masu gina murhun da ba ya cin itace da yawa. Ni kuma ka ce in tafi wajen manoma, a wani ƙauye cikin mazaɓar Wurma ta ƙasar Kurfi, in yi aikin itatuwa a gonaki, don ka san can ne garin mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta. Ka ce a can ba sai an gabatar da ni ba, fuskata ta isa. Gaskiya ka faɗa, fuskar tawa ce kuwa aka yi aiki da ita.

Kuma na so aikin nan, Allah shaida ne. Ina hawa bas daga Dutsin-Ma, in sauka in hau mashin, in isa da ƙura har gira, ina murna. Matan ƙauyen suna yi mini dariya suna cewa ga malamar itace ta zo. Na ɗauka a ƙarshe karatuna zai amfani mutanen da suka goya uwata.

Na farko: gonar ta wa ce.

Kawu Umaru yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kakanmu da shanu ya zo yankin, yana kwantar da su a gonakin mutanen ƙauyen da rani suna zuba taki, ana ba shi hatsi. Da zama ya yi daɗi, wani mai gonaki a ƙauyen, mahaifin Alhaji Sada, ya ara mishi wata gona a bakin hanya ya ce ya riƙa nomawa. Ba sayarwa ba, ba jingina ba, ba kyauta ba. Aro. Kakanmu ya noma ta har ya rasu, Kawu ya ɗora. A kunyoyin gonar nan na koyi cirar gyaɗa in mun je hutu. Duk kaka, kafin a kai ko zangarniya ɗaya rumbu, Kawu zai zaɓi damin geron da ya fi kyau, ya ɗauka da kansa, ba ya aike, ya kai ƙofar gidan Alhaji Sada. Ba kuɗin haya ba ne, damin bai kai nan ba. Shaida ce kawai cewa mun san mai gona.

Shanun kuwa, ka san abin da ya sami shanun mutanen yankinmu a shekarun nan, ba sai na tona ba. An kore na Kawu, abin da ya rage mishi 'yan awaki ne da ba su taka kara sun karya ba. Gonakin nesa ma mutane sun daina zuwa, shi ya sa duk fili na kusa da gari ya yi daraja, kowa ido ya sa a kansa. Wannan gona ta bakin hanya ita ce tuwon gidan Kawu, shi da matarsa Goggo Dije da jikoki marayu da ke gabansu. Ga shi kuma Bafulatani, a lokacin da ake yi wa kowane Bafulatani kallon gefen ido, ko da kuwa shi ma an kwashe nasa. Mutum irin wannan a hankali yake taka ƙasa, ba ya son abin da zai ja a ambaci sunansa.

Ƙa'idar aron gona kuwa kowa ya san ta, daga Kurfi har duk inda kake tunani. Wanda aka ara wa gona ya shuka abin da ya ga dama, gero ne, dawa ce, wake ne, gyaɗa ce, duk abin da za a girbe kafin shekara ta zagayo. In gawo ko aduwa ta tsiro da kanta, ya bar ta ya yi mata sassabe, wannan tsiron Allah ne, kuma na mai gona ne. Abin da ba ya yi shi ne ya haƙa rami ya dasa itace. Itace yana daɗewa fiye da wanda ya dasa shi, wata rana jikoki za su nuna shi su ce kakanmu ya dasa, saboda haka nan wurinmu ne. Sau nawa aka kai 'yan uwa gaban alƙali a kan mangwaro guda? Shuka daban, dashe daban. Ko matar da ba ta taɓa riƙe fartanya ba ta san wannan.

Na biyu: abin da na faɗa maka, da alkawarin da ka ɗauka.

Ranar da ka zo zagaye, idonka ya faɗa kan gonar nan. Na gane dalili. Tana bakin hanya, mota tana isa har gindinta, baƙi za su sauka su ɗauki hoto su koma Dutsin-Ma kafin la'asar ba tare da gabansu ya faɗi ba. Ka ce nan za a yi gonar gwaji. A cikin motarka, a gaban direbanka, na ce maka gonar aro ce, ba a dashe a cikinta. Na kawo shawarar mu bi hanyar renon tsiron da ya fito da kansa, wadda kai da bakinka ka koya mana a wajen bita. Ka yi dariya ka ce Binta har yanzu ba ta bar gardama ba. Ka ce masu ba da tallafi ba sa ganin tsiro a hoto, layi suke son gani. Na ce to, in dole ne, sai an nemi yardar mai gona a gaban mai unguwa, a faɗa mishi ƙarara cewa itace za a dasa, kuma itacen nasa ne, ba na Kawu ba. Ka dafa ƙirji ka ce wannan aikinka ne, kai da kanka za ka je ka zauna a zauren Alhaji Sada, kuma ba za a haƙa rami ko ɗaya ba sai an yi haka. Ka ce in kwantar da hankalina.

Na kwantar. Da wannan magana taka na je wajen Kawu. Wallahi Dakta, da farko ko saurarona bai yi ba. Ɗiyar Hajo yake kirana, da sunan mahaifiyata. Ya ce ɗiyar Hajo, ki rufa mini asiri, ni ba ni da wurin zuwa. Na zauna na lallashe shi, na tafi na dawo na sake lallashi. Na ce mishi mai jagorantar aikin malamina ne, Bakatsine ne ɗan manoma, ba baƙo ba ne da zai taka abin da bai sani ba, kuma ba ya magana biyu. Na ce in wani abu ya biyo baya, a kaina. Daga ƙarshe ya ce in dai Alhaji ya yarda da bakinsa, shi ba zai ba ɗiyar Hajo kunya a gaban malaminta ba. Ka ji dalilinsa ke nan. Ba ɗorawarku ya so ba, ba mangwaronku ya so ba, kunyata ya ji.

Na uku: kalmar da ka zaɓa.

Ana gab da faɗuwar damina ka kira ni ka ce an gama, ka ga Alhaji Sada, ya ba da izini da hannu bibbiyu. Na tambaye ka ko da mai unguwa aka yi, ka ce in bar wannan, magana ta wuce. Na yi hamdala, na hau mashin na kai wa Kawu albishir. Sai daga baya, bayan ɓarna ta auku, na ji yadda ganin naku ya kasance, kuma daga bakin Alhaji Sada na ji, a gaban mai unguwa da dattawa. Ashe ba ka je ƙauyen ba. Ranar kasuwar Dutsin-Ma ka tsaya da mota a gaban rumfarsa ta hatsi, ko injin ba a kashe ba, ka sauke gilashi kuka gaisa, ka ce mishi akwai wani shiri da zai taya Umaru shuka a gonar nan ta bakin hanya, kana neman albarkarsa. Shi kuma ya ce shuka ai alheri ce, Umaru mutumin kirki ne, Allah Ya ba da sa'a. Ya ɗauka irin gero za ku ba shi, mai saurin nuna, irin wanda ake rabawa manoma. Wa zai hana a taya maƙwabcinsa shuka?

Shuka, Dakta? Shuka ka ce? Na yi ta juya kalmar nan a raina ina nema maka mafita. Na ce ƙila da Turanci ka yi tunanin, inda kalma ɗaya ce ke ɗauke da shuka da dashe, bakinka ya juyo ta yadda ta zo mishi. 'Yan boko suna yin haka. Amma zuciyata ta ƙi karɓa. Kai ne fa ka sa aka rubuta dashen itatuwa da manyan baƙaƙe a bangon ofishinka. A kowane taro dashe kake cewa. Ni kuma a kan wannan bambanci takamaimai na ja hankalinka a cikin motarka. Sau ɗaya tak kalmar dashe ta ɓace maka, kuma a gaban mutum ɗaya tilo da ke da ikon cewa a'a. In kuskure ne, to kuskuren ya san inda ya faɗa. In kuwa da gangan ne, ka karɓi izini da kalmar da ka san ba za a hana ba, ka miƙo mini, na ɗauka da hannuna na kai wa kawuna ina washe baki. Wannan shi ke ci mini rai. Cin amana ne, Dakta, na nemi wani suna mai sauƙi da zan kira shi ban samu ba.

Na huɗu: ranar dashe, da allon da kuka kafa.

Da damina ta zauna aka yi bikin dashe, an kuwa yi biki. Rumfuna, kujeru, lasifika, baƙi daga ofisoshin da kuke hulɗa da su, an raba lemo. Na tambayi ina Alhaji Sada, aka ce ya yi tafiyar saro hatsi. Ashe ko gayyatarsa ba a yi ba. Aka jera ɗorawa da mangwaro a kan iyakar gonar, zagaye, daidai inda mai son kafa shaidar mallaka zai jera su. Aka ba Kawu riga mai tambarin shirin ya ɗora a kan tasa, aka ce ya durƙusa ya riƙe dashe ya yi murmushi. Ka yi jawabi a kan ɗorewa, ka ce ɗorawa ita ce alamar ɗorewa, aka tafa, ni ma na tafa. Sannan aka yaye ƙyallen da ke rufe da allon ƙarfen da aka kafa da siminti a bakin hanya. Da koren fenti, da Hausa da Turanci: Gonar Malam Umaru. Na matso na raɗa maka cewa wannan rubutu ba daidai ba ne, ka ce rubutu ne kawai, za a gyara. Kawu bai yi karatun boko ba, yana tsaye a gindin allon yana ta yi wa baƙi godiya.

Bayan 'yan kwanaki Alhaji Sada ya dawo, ya biyo ta hanyar a bayan mashin. Ka sa kanka a matsayinsa. Gonar ubanka, an zagaye ta da dashe, an kafa allon ƙarfe mai tambari da sunan wani, manyan mutane da motoci sun zo sun shaida. Ni ban ga laifinsa ba, kuma ba zan yarda a karanta wasiƙar nan a ɗauke shi mugu ba. Gidansu ne ya riƙe gidanmu tun kafin a haife ni. Kafin magariba magana ta cika ƙauye: wai Umaru ya sami 'yar ƙanwa 'yar boko, ta jawo hukuma za ta mallaka mishi gonar mutane. Har da masu cewa dama haka suke, in ba su karɓa da bindiga ba su karɓa da biro. Innalillahi! A kan Kawu aka yi wannan magana, mutumin da aka kore wa shanu yana ji yana gani.

Washegari da sassafe Kawu ya shiga gonar shi kaɗai, ya bi layi yana tumɓuke dashen da hannunsa, ya zuba a kwando, ya ɗauka a ka ya kai ƙofar gidan Alhaji Sada, ya ajiye ya tsuguna. Dattijo da furfurarsa. Alhaji bai fito ba. Allon kuwa Kawu bai taɓa shi ba, tsoro yake ji, ya ce kayan hukuma ne, kada a ce ya lalata a zo a tafi da shi. Har yau yana nan tsaye. An bar Kawu ya ƙarasa noman shekarar, don ba a korar mutum da shuka a ƙasa. Da kaka ta yi ya zaɓi daminsa kamar kullum ya kai. Kafin ya tako ya iso gida damin ya riga shi, ɗan Alhaji ya kawo a mashin ya jingine a jikin danga, ko sallama bai yi ba. Goggo Dije ta ce tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa ganin hawayen Kawu ba, ko ranar da aka kore shanu, sai ranar da ya tarar da damin nan.

Na biyar: hirarka ta rediyo.

Duk wannan na sanar da kai tun yana ɗanye. Ka ce rikicin ƙauye ne, ba ya cikin hurumin shirin, in mai da hankali kan rahotona. Na haɗiye. Aka yi bikin rufewa, aka ba mu takardun shaida, ka yaba mini a gaban jama'a ka ce ni ce gadar da ta haɗa shirin da al'umma. Gada kuwa, an taka an wuce. Na karɓi takardata kaina a ƙasa. Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne hirar da ka yi a rediyo. Da mai gabatarwa ya tambaye ka matsalolin da kuka fuskanta, ka ce akwai wani ƙauye a yankin Kurfi da aka kai musu itatuwa kyauta, mutumin da aka fifita da gonar gwaji ya tashi ya tumɓuke su saboda duhun kai, ka ce har yanzu mutanen karkara suna bukatar a wayar musu da kai. Haba Dakta! Haba! Ba ka kama suna ba, amma gonar gwaji nawa ce a yankin? Rediyon Kawu a rataye take a kafaɗarsa kullum. Ya ji. Majalisar ƙofar masallaci ma ta ji. Mutumin da ya san ƙa'ida, ya ƙi tun farko, aka lallashe shi da sunanka, yau shi ne mai duhun kai a bakinka. A ƙauye ana ce mishi ɓarawon gona, a rediyo ana ce mishi jahili, duk a kan abin da bai nema ba.

Bai kira ni ya yi mini faɗa ba. Da ma ya yi, da na fi samun sauƙi. Da na je, ya tambayi lafiyar yara da maigida, ya sa aka dama mini fura, ya ce kada in sa abin a raina, malamin nawa ƙila mantuwa ya yi. Ka ji, shi ke nema maka uzuri. Ban iya shan furar ba.

Ga inda magana ta tsaya yanzu. Mai unguwa, Allah Ya saka mishi, ya tara dattawa, maigidana ya raka ni na faɗi abin da na sani. Alhaji Sada ya saurara har na gama. Ya ce shi bai ƙi Umaru ba, tare suka tashi, amma 'ya'yansa sun tsaya kai da fata sai an karɓi gonar, shi kansa kuma zuciyarsa ba ta kwanta ba, don maganata maganar 'yar gida ce, dole in kare kawuna. Ya ce abu ɗaya ne zai wanke Umaru: mai motar da ya tsaya a rumfarsa ya zo gaban mai unguwa, ya faɗa da bakinsa cewa shi ne ya ce shuka, ba Umaru ya aike shi ba, kuma Umaru bai san abin da ke jikin allo ba. In ya zo kafin ruwan shuka, Umaru ya ci gaba da nomansa, a kawo dami a karɓa kamar da. In ruwa ya sauka bai zo ba, 'ya'yansa za su shiga da garmarsu. Dakta, maƙwabta sun gama sharar gona, sun kai taki. Gonar bakin hanya ce kaɗai ba a taɓa ba, Kawu ba ya da ikon sa mata fartanya, su ma ba su shiga ba tukuna. Da la'asar hadari ya fara leƙowa ta gabas. Duk lokacin da na ji iska ta kaɗa, sai in fita in duba sama.

Saboda haka ga roƙona, kuma ban roƙi abin da ya fi ƙarfinka ba.

Ɗaya, ka zo. Shi ne babba, sauran duk suna bayansa. Daga ofishinka zuwa ƙauyen ba tafiyar kwana ba ce, ka yi ta da baƙi da lasifika, za ka iya yin ta kai kaɗai. A wannan karon ka kashe injin, ka sauko, ka cire takalmi ka shiga zaure. Ba wanda zai ci maka mutunci, mutanen nan suna girmama malami, za su ma shimfiɗa maka tabarma mai kyau. Ba a ce ka rantse cewa da gangan ka yi ba. Ka ce kuskure ne in ka so, ni ba zan yi gardama ba ranar, duk da ka san halina. Kalma ɗaya ce za ka gyara.

Biyu, ku da kuka kafa allon nan ku zo ku tone shi, a gaban Alhaji Sada, da rana tsaka.

Uku, ka koma gidan rediyon da ka shafa wa Kawu kashin kaji ka wanke shi. Ka gaya wa masu sauraro cewa mutumin da ya tumɓuke itatuwan nan amanar aro ya kiyaye.

Huɗu, na ji kuna ɗaukar sabbin ɗalibai, an ce wasu Birchi za a tura su. Allah Ya ba su sa'a. Amma kafin ku koya musu faɗin rami da tazarar layi, ku koya musu su fara tambayar gonar ta wa ce. Kuma in ɗan gari ya ce muku a nan ba a yin kaza, ku saurare shi, ai don ya san garin kuka ɗauke shi. Kuna zaɓen ɗan gari don fuskarsa ta buɗe muku ƙofa, amma shirinku yana da ranar rufewa, mu kuwa ba mu da ranar daina zama dangi. Alawus ya ƙare, takardar shaida tana ƙasan akwati, ni kuma ko gaisuwar mutuwa na je ƙauyen sai in ji mata sun yi tsit in na shiga. Ku kuma 'yan uwana ɗalibai, ku karɓi aikin, aiki ne mai kyau. Sai dai duk alkawarin da za ku kai wa danginku, ku tabbata da ku aka je aka ƙulla shi, kun ji da kunnenku.

Akwai kuma saƙonka a wurina. Ranar da Kawu ya tumɓuke dashen, ɗorawa guda ta faɗo daga kwandon a ƙofar gidansa yana wucewa. Goggo Dije mai daddawa ce, ba ta iya jefar da ɗorawa ba. Ta sa ta a tsohon kwano da 'yar ƙasa, tana ba ta ruwan wanke-wanke. Da na je ta miƙo mini ta ce in mayar wa mai ita, su ba sa riƙe abin da ba nasu ba. Na kawo ta ofishinka, mai gadi ya ce ka fita, kuma ba a ba shi izinin karɓar kaya ba. Tana gidana yanzu, na sauya mata bokitin fenti, ta yi ganye, saiwarta ta fara fasa gindin bokitin. Kwanan baya mai gidan da muke haya ya zo duba rufi kafin damina, ya gan ta a tsakar gida, ya yi dariya ya ce Malama, a dai bar ta a bokiti. Na ce ranka shi daɗe kada ka damu, ni na san ƙa'ida.

In ka tashi zuwa, ka biyo ta gidana ka ɗauke ta. Ka kai ta zauren Alhaji Sada ka ajiye a gabansa, ka kira abin da aka yi da ita da sunansa. Shi ke da ƙasa, shi zai ce a dasa ko kada a dasa.

Ina roƙon Allah Ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka, Ya albarkaci zuri'arka, Ya sa ilmin da ka ba mu ya zama hujja a gare ka ranar gobe. Allah Ya tsare ka daga ranar da wanda ka yarda da shi zai yi aiki da fuskarka a gaban naka. Ni kuma, jikar makiyayi, 'yar ƙanwar manomi, wadda ta tashi tana rawa a ruwan farko, yau ga ni ina ɗaga hannu ina roƙon Allah Ya ɗan jinkirta mana ruwa har ka iso.

Wassalam.

Ɗalibarka,
Binta ɗiyar Hajo,
Dutsin-Ma.